Tsakanin Tudu da Gulbi: Jegar da Na Tashi a Cikinta

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi kudu, in ya wuce Tambuwal ya shigo ƙasar Aliero, zai ga ƙasa ta sauya masa fuska. Tuddai ne na jar marmara masu shimfiɗaɗɗen kai, tsayinsu bai kai ya ba mutum tsoro ba, amma ya isa ya tare ido, ga tsakuwa warwatse a gindinsu, sabara da geza sun kama jikinsu. Daga nan sai hanya ta riƙa gangarawa sannu a hankali har ta kai ka Jega, inda tudu ya ƙare, fadamar Gulbin Zamfara ta soma. Mu Gulbin Gindi muka fi kiransa. Ya taso tun daga can ƙasar Zamfara, ya biyo ta Anka da Gummi, ya ratsa mu, sa'an nan ya je ya haɗu da Gulbin Kabi, su zuba cikin Kwara tare. A nan kuma manyan hanyoyi uku suka gamu: ta Sakkwato, ta Birnin Kebbi, da wadda ta bi ta Maiyama da Koko ta nufi Yawuri da Kwantagora har ƙasar Yarbawa. Wanda ya gane wannan zama na tudu da gulbi da mararraba, ya gane rabin labarin Jega.

A Sabon Gari aka haife ni, cikin shekarun 1970. Mahaifina mutumin Gummi ne, ya biyo jakunan fatake yana saurayi, gari ya karɓe shi, ya zauna. Sana'arsa dillancin albasa da saukar da baƙi. Zaurenmu ba shi da ƙofar da ake kullewa, tabarmi ne jingine a bango, da randa a lungu, da buta biyu. A layinmu akwai Bazabarme mai sayar da ruwa, da Bayarabiya mai shagon atamfa da muke kira Mama, da Inyamiri mai kayan gyaran mota, da Badakkare ɗan sanda mai ritaya, da Banufe masunci. 'Ya'yansu da mu tare muke wasan langa da daddare, tare muke shan duka in mun je gulbi ba izini.

Abin da na fara riƙewa da hankalina shi ne farin 1984. Damina ta zo ta tafi, gero a tudu bai wuce gwiwa ba, ya bushe a tsaye. Gwamnatin soja ta lokacin ta rufe iyakokin ƙasa tun watan Afrilu, amma yunwa ba ta san iyaka ba. Mutanen Nijar, na wajen Doso da Dogondutsi, suka riƙa shigowa ta hanyoyin daji, mata da goyo, tsofaffi da sanduna, wani na jan akuya guda da ta rage masa. Wata rana bayan magariba wasu magidanta suka yi sallama a zaurenmu da iyalansu. Baba ya amsa, ya shimfiɗa musu tabarma, bai tambayi sunan kowa ba, ya juyo ya ce mini, "Tahi ka hwaɗa ma innarka ta ƙara tsaba, muna da baƙi."

Na shiga na isar da saƙo. Inna ta biyo ni har bakin zaure, ta tsaya daga ciki, ta rage murya ta ce, "Malam, rumbu hwa ya yi ƙasa."

Ya ce, "Wanda yat turo su ya san da rumbun."

Ba ta ƙara magana ba. Ta koma ta sa turmi. Mutanen nan sun zauna da mu har ruwan sama ya sake sauka. Kullum da asuba mazan sukan gangara fadama, su yi ban ruwa da jigo a lambunan mutane, a biya su da rogo ko dankali ko mudun shinkafa, matan kuma su yi daka da sussuka a gidaje. A shekarar nan na ga abin da gulbi yake yi wa gari. Tudu ya kasa, fadama ta ɗauki kowa, ɗan gari da baƙo. Kifin da Sarkawa ke kamawa, tarwaɗa da karfasa da kurungu, shi ya riƙe miyar gidaje da yawa. Biyu daga cikin baƙin namu ba su koma ba. Jikokinsu suna nan, in ka tambaye su za su ce maka su 'yan Jega ne, kuma gaskiya suka faɗa.

Asalin garin kuwa, a bakin wani dattijo Bagimbane na ji shi, abokin Baba ne, mai sayar da goro, yakan zo hira bayan la'asar. Wata rana ya ji ina gardama da wani yaro na cikin gari da ya ce mini ɗan baƙi. Ya kira mu duka biyu ya zaunar. Ya ce, "Ku taho nan, ɗiyana. Kowa ag garin ga tahowa yay yi." Daga nan ya ɗauko labarin Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Abdussalami ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana, ba nisa da inda Jega take yau. Sarkin Gobir Yunfa ya tura runduna ta ci Gimbana, aka kwashi mutane a ɗaure. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya ingiza al'amari har Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a farkon 1804, jihadi ya tashi.

Dattijon bai ɓoye mana ɗacin da ya biyo baya ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami, da ke zaune a Kware, ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aka yi yaƙi, aka ci Kware, Abdussalami ya rasu a ƙasar Zamfara a 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, inda Malam Abdullahi na Gwandu ya yi musu zobe, Bello ya kawo masa gudummawa. Bayan wannan ne ɗan Abdussalami, Buhari, ya yi mubaya'a, aka bar shi ya kafa gari a bakin gulbi wajejen 1820. Garin shi ne Jega, zuriyar Buhari ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega a ƙarƙashin Gwandu. Da na girma na karanta littattafan tarihi, na tarar ƙashin labarin yana nan yadda tsohon ya ba mu. Abin da ya fi zama mini a zuciya shi ne garin da muke taƙama da shi ɗan wanda aka ci da yaƙi ne ya kafa shi, da mutanen da suka rasa gida sau biyu. Irin waɗannan ba a koya musu darajar masauki.

Kasuwa ce ta ɗaga sunan Jega. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja sukan yada zango a nan kafin su tsallaka Kwara su bi ta Bargu har Salaga. Suna tafe da kanwa da turkuɗi da jar fata, su komo da goro. Gishirin Foga yana shigowa daga yamma, dabbobi daga arewa. Kafin ƙarshen ƙarnin ana lissafa kasuwar Jega cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, har ana gwada ta da ta Kano. Dole kuma a faɗi gaskiya, cikin hajar wancan zamani har da bayi, kuma akwai gidajen da asalin zuwansu garin ke nan. Su ma gari ya haɗiye su, sun zama 'yan ƙasa.

Ni na riski ƙarshen zamanin raƙuma. Daren kasuwa zaurenmu kan cika har waje, ƙamshin hoce da ƙuli-ƙuli ya gauraye da warin buhunan albasa. Da sassafe sai ka ga jakuna jere suna gangarowa daga ƙauyukan tudu, daga wajen Jandutsi da Sabiyal da Jiga, ɗauke da gero da wake, mutanen Kimba da Gindi kuma su hauro da shinkafa da kifi da rake, na Mungadi da Andarai su zo ta hanyar Maiyama. A tasha 'yan kamasho na kiran Sakkwato da Yawuri da Ikko. Aikina shi ne in tsaya kusa da Baba in riƙe masa alli, in ya daidaita ciniki in yi wa buhu alama. Na sha kallon yadda yake tsayawa tsakanin Bayarabe mai saye da manomi mai sayarwa. Mai saye ya yi tayi, manomi ya girgiza kai ya ce albarka. Baba ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya ja wancan. In manomi ya ce ya sallama, sai a tafa, magana ta ƙare, ba takarda ba sa hannu. Sau da yawa Bayaraben kan loda mota ya tafi Ibadan da rabin kuɗi a kansa, Baba ya tsaya masa. In ya dawo ya biya, Baba ya ɗauki la'adarsa. Jarin mai masauki duka amana ce, ranar da ya ci ta, ranar ya tashi daga kasuwa.

Albasar kuwa mafi yawanta daga Aliero take fitowa, garin da ke tafiyar 'yan mintoci a mota daga Jega. Na yi hutun makaranta da yawa a can, a gidan wani manomi da Baba ke sayar wa kaya, wanda nake kira Kawu. Aikin albasa ba na malalaci ba ne. Ana yafa iri damina na ƙarewa, in ya taso a cire a dasa cikin fangali, daga nan ban ruwa ne ba fashi duk tsawon hunturu. Da jigo na fara ganin ana yi, mutum ya wuni yana sunkuyawa yana miƙewa, kafin injinan ban ruwa su bazu cikin ƙauyuka. In ganye ya kwanta, zafi ya fara shigowa, sai a haƙe a shanya. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayar nan take da arha, don bashi na jiransa. Mai ɗan hali ya zuba a rudu, wato dandamalin itace da kara da aka ɗaga daga ƙasa aka yi wa rufin ciyawa don iska ta riƙa ratsawa. Kawu yakan sa ni in shiga da shi muna juyawa, muna tsince waɗanda suka fara ruɓewa. Yakan ɗauki guda ya latsa wuyanta da babban yatsa, in ya ji laushi ya jefar. Ya ce, "Guda ɗai ta isa ta kashe maka rudu, ɗana. Kak ka ji tausai nata." Wanda albasarsa ta kai tsakiyar damina lafiya, shi ke yin aure da gini da kujerar Makka. Wanda ta ruɓe masa, sai ya jira baɗi.

Aliero ta yi suna kuma da ɗori. Ƙanena ya faɗo daga bishiyar mangwaro, hannunsa ya karye a ƙasan gwiwa, Baba ya ɗauke mu a motar haya zuwa can. Mun tarar da zaure cike da majinyata, wasu daga Nijar, wasu daga kudu, kowa da mai jinyarsa. Mai ɗorin dattijo ne mara yawan magana. Ya shafa hannun da yatsunsa daga sama har ƙasa, ya ce wa Baba, "Riƙe mani shi da kyau." Ya yi bisimilla, ya ja, yaron ya ƙwala ihu, sai muka ji ƙashi ya koma mazauninsa. Ya jera karan ɗori kewaye da hannun, ya naɗe da tsumma, ya ce kada a bari ya jiƙe. Abin da Baba ya ba shi bai taka kara ya karya ba, ya karɓa ya yi addu'a. Yau da hannun nan ƙanena yake tuƙa babbar mota. Sana'ar gado ce, kuma a 'yan shekarun nan na ga wasu masu ɗorin suna cewa a fara yo hoton ƙashi a asibiti kafin su taɓa, abin da na ɗauka ci gaba ne ga kowa.

Ranar 27 ga Agusta 1991 ina teburin mai shayi a bakin tasha, mun kewaye rediyo, Janar Ibrahim Babangida ya sanar da sababbin jihohi tara. Da aka ambaci Kebbi, da hedikwata a Birnin Kebbi, wurin ya kaure da sowa, masu babura suka bazu cikin gari suna busa ham. Cikin makonnin da suka biyo baya muka riƙa ganin motoci ɗauke da kujeru da kabad-kabad da iyalan ma'aikata suna fitowa daga Sakkwato, su iso mararrabarmu su karya zuwa Birnin Kebbi. Sabon Gari ya ƙara faɗi, gonakin da muke kiwo a cikinsu suka koma filaye. A 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, ɗalibai daga nesa suka zo suka kama haya, 'ya'yan manoman albasa suka shiga aji tare da su. A 2015 kuma, lokacin da Farfesa Attahiru Jega ke karɓar sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja cikin natsuwar da ta ba duniya mamaki, sunan garinmu ya shiga kowace rediyo. Dattawa a majalisa suna ta cewa haƙurin gida ne ya tafi da shi.

Daga ƙarshen 2015, da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a jihar Kebbi, fadama ta cika maƙil. Ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi kowa ya nemi fegi. Ni ma na noma. Sai ga ambaliyar 2020. A ƙarshen Agusta zuwa Satumba gulbi ya cika ya batse, ya haura inda tsofaffi suka ce sun jima ba su ga ya kai ba. Na tsaya a kan gada na duba, ba gona ba iyaka, ruwa ne ja har inda ido ya tsaya, kawunan giginya kawai ke nuna inda hanya take. Shinkafa ta fara fitar da kai, ruwa ya kwana a kanta har ta ruɓe. Na ga magidanci ya shiga kwalekwale yana laluben gonarsa da gora, ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Gidajen ƙasa na bakin fadama suka zube, aka kwashe mata da yara zuwa makarantu.

A wannan karon tudu ne ya rama wa fadama alherin 1984. Geron tudu ya samu ruwa, ya yi kyau. 'Yan uwa daga ƙauyukan Aliero da na Maiyama suka riƙa aiko da dammuna a kan babura da amalanke. Ɗan Kawu, wanda yanzu shi ke riƙe da gonakin ubansa, ya sauke mini buhun gero a ƙofar gida. Na ce, "Yaya, nawa zan ba ka?" Ya ɓata rai ya ce, "Baba ya taɓa amsar kuɗin tabarma hannun tsohona?" Ruwa na janyewa kuma mutane suka koma da injinansu, aka shiga noman rani, don a nan ba a zaman makokin gona.

Watanni kaɗan bayan haka, a Fabrairu 2021, rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, inda 'yan arewa masu albasa da tumatir suke da yawa, aka yi asarar rayuka da dukiya. Labari ya iso mana da zafinsa, don akwai yaranmu a can. Da yamma na ga 'yar Mama, wadda ta gaji shagon atamfar uwarta, tana rufe shago tun kafin la'asar, jikinta na rawa. Dattawan layinmu ba su yi wani taro ba. Tabarma kawai suka ɗauko suka shimfiɗa a ƙofar gidanta, suka yi hirarsu a nan har dare ya raba, washegari ma haka. Limaminmu ya ce mata, "Ɗiyata, buɗe shagonki. Nan anka yanke maki cibi." Ta buɗe.

Abubuwan da ke damuna yanzu a fili suke. An sare itatuwan tudu an yi gawayi, ruwan sama na gangarowa da ƙarfi yana yanka kwazazzabai, yana kwaso yashi yana cike gulbi, shi ya sa ruwa kaɗan ke sa shi ambaliya. Ana gini a kan hanyoyin ruwa da iyayenmu suka bari da gangan. Manomin albasa har yau yana asarar kaso mai yawa na amfaninsa a rudu, saboda babu ma'ajiyar zamani da ta wadace shi. Sababbin gidaje kuma ana yin su da dogon bango da ƙofar ƙarfe, ba zaure, kuma rashin tsaron da ya addabi maƙwabtanmu ya sa mutane na tsoron fuskar da ba su sani ba. Ban ga laifin mai tsoro ba, amma garin da ke kan mararraba in ya daina saukar da baƙo, kasuwarsa ce za ta fara mutuwa.

Saboda haka nake roƙon masu sarauta da shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su zauna wuri guda kan maganar itatuwan tudu da hanyoyin ruwa, tunda gulbi ɗaya ne ke ɗaukar abin da duka ukun suka zubar. Malaman jami'ar da ke Aliero su sa ɗalibansu su fito da rudun da zai riƙe albasa har ƙarshen damina, wanda ƙaramin manomi zai iya ginawa da kuɗinsa. Malaman firamare su kai yara su ga inda Gimbana take, su gaya musu waye Buhari ɗan Abdussalami. Mu kuma da muka gaji gidaje a Sabon Gari, duk wanda zai rushe ginin ubansa ya yi na siminti, ya bar wa zaure wurinsa.